Yawon Gonakin Inabi A Lokacin Sanyi

Malamanmu da ke ƙaro ilmi a Turai su kan sami hutu cikin Disamba, sai abokan karatunsu su ce a tafi Faransa yawon gonakin inabi da gidajen da a ke matse shi a yi giya. An tambaye mu ko ya kamata Musulmi ya bi su. Abin da mu ke gani shi ne ya bi, ya ga gona, amma kada ya zauna wurin ɗanɗano. Sha haram ne, ba gardama. Noma kuwa ilmi ne, a kan ɗauke shi ko a hannun wa.

Masu yawon buɗe ido sun fi son kaka, watau Satumba. Mu kuwa mun fi son sanyi, domin sa'an nan ne a ke ganin aiki. A ƙasar Bargandi, kudu da birnin Dijon, ganye ya zube, kurangar ta koma kamar busassun kirare. Manomi na tsaye da almakashi yana datse rassa, ya bar dogo ɗaya da guntu ɗaya, sauran ya ƙone su cikin baro ya ji ɗumi. In ya bar su duka, 'ya'ya za su yi yawa amma ba zaƙi.

Sa'an nan a dubi yadda su ka san ƙasarsu. Tudun nan an raba shi gona 1,247, kowace da sunanta da iyakarta, bisa ga irin ƙasarta da yadda rana ke bugunta. Hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2015.

Babban darasi kuwa shi ne na ƙwaron da ya ɓullo Faransa a 1863 daga Amurka, yana cin saiwa, har ya kusa gamawa da gonakin ƙasar. Magani bai samu ba sai da aka aurar da reshen Faransa a kan saiwar Amurka, wadda ƙwaron ba ya kashewa. Auren nan shi mu ke yi wa mangwaro da lemo, ga shi kuwa makarantunmu da yawa ba mai koya wa yara shi.

To, malam, in ka je ka roƙi manomi ya nuna maka gaɓar auren da hannu. Wanda ya komo da hotuna kaɗai ya yi asarar kuɗin jirgi. Allah ya sa mu gane.