A koya wa yaranmu fizik daga bakin randa

Kusan kowace shekara za ka ji wata lise ta shirya bikin kimiyya. A kafa rumfa, manyan baƙi su yi jawabi da Faransanci, a tafa, a watse. Bayan mako guda ka tambayi yaro me ya gani, sai ya ce an raba lemo. Ni dai a ganina wannan asarar kuɗi ce.

Abin da na ga yana kama zuciyar yaro shi ne abin da ya taɓa da hannunsa, ya kuma ji bayaninsa da harshen gida, Hausa ko Fulatanci. Ɗauki randa. A watan Afrilu zafin Garwa kan wuce digiri 40, amma ruwan randa sanyi ƙalau. Me ya sa? Ruwa ne ke tsattsafowa ta jikin yumɓu, yana bushewa yana tafiya da zafi. Ba wa yara ma'aunin zafi, su auna ruwan randa da na jarka safe da yamma, su rubuta da kansu, su yi gardama. Wallahi ranar da aka zo darasin a aji, su ne za su riga malam magana. Da wannan hikimar ce Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar Rolex a 2000.

Malaman ma muna da su, ba mu dai gayyatarsu. Mai gyaran babur, mai walda, mai haɗa sola a kasuwar Pitowa ranar Lahadi, kowanne fizik yake yi. Madatsar Lagdo kuwa, wadda aka gama a 1982, aji ce guda: idan ruwa ya ja baya injuna su rage ƙarfi, mu kwana a duhu. Yaron da ya gane wannan zai gane amfanin tashar sola ta Gidar.

Sharaɗin shi ne a dinga yi kowane mako. Sa'a ɗaya ranar Asabar a harabar Islamiyya ta isa, da ɗaliban Jami'ar Garwa 'yan unguwa suna jagoranci, domin yaro ba ya jin kunyar tambayar yayansa. 'Yan mata kuma su riƙe ma'aunin da kansu, kada a bar su a baya suna kallo. Iyaye, kuɗin ma'aunin zafi ɗaya kawai muke nema daga kowace unguwa kafin bazara.