Babbar Dayosis Ta Kaduna: Uwa Ta Aurar Da 'Ya'ya, Saura Tsaron Makiyaya

Duk wanda zai yi maganar Ikkilisiyar Katolika a Arewa, dole ya biyo ta Kaduna. Fadan mishan na SMA sun kafa sansani a Shendam a 1907, aikin ya yi ta bunƙasa har Kaduna ta zama dayosis a 1953, ta kuma zama babbar dayosis a 1959 a hannun Akbishop John McCarthy.

A ganina, zamanin Akbishop Peter Jatau ne ya fi cancantar nazari. Ɗan Kudancin Kaduna ne, ya karɓi sanda a 1975, lokacin da gwamnati ta riga ta ƙwace makarantun mishan. Kwalejin St. John ta koma Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta koma Queen Amina. Turawan mishan kuma suna ta raguwa. Da wani ne, da ya ƙanƙame abin da ya rage. Shi kuwa sai ya dage wajen horar da firistoci 'yan ƙasa, ya kuma yarda a yanki ƙasarsa: Kafanchan ta tsaya da ƙafarta a 1995, Kano a 1999, Zariya a 2000. A zamaninsa ne Paparoma John Paul na Biyu ya zo Kaduna a 1982, ya naɗa firistoci da hannunsa. Ba kowane shugaba ne ke son ganin ikonsa ya ragu ba, ko a majalisar ƙaramin coci mun san haka.

Akbishop Matthew Ndagoso, wanda aka ɗauko daga Maiduguri a 2007, wata irin wahala ya gada. A Janairun 2020 'yan bindiga sun shiga makarantar horar da firistoci ta Good Shepherd a Kakau, suka sace ɗalibai huɗu, suka kashe Michael Nnadi. A 2022 Fada Joseph Bako na Kudenda ya mutu a hannun masu garkuwa, aka harbe Fada Vitus Borogo a gona.

To, ina amfanin horar da firist shekara da shekaru idan ba zai iya kwana a ƙauyen da aka tura shi ba? A wuraren da Fada ba ya iya zuwa, mu katikis ne ke jagorantar addu'ar Lahadi, mu binne matattu, mu shirya yara don baftisma. Ya kamata shugabanninmu su sa horonmu, albashinmu da tsaronmu a sahun gaba na kasafin dayosis.