Daga Ajin Malam: Ku Bar Yarinya Ta Kwance Tocila

Iyaye, bari in fara da laifin kaina. Shekara da shekaru ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare, in za mu yi gwaji sai in miƙa wa yara maza batir da waya, 'yan mata kuwa in sa su rubuta abin da ya faru, wai don rubutunsu ya fi kyau. Ban ga aibin wannan ba sai ran da wata yarinya 'yar aji 2 ta ce mini, "Malam, mu kullum sakatarori ne?" Kunya ta rufe ni.

A gida ma haka muke yi. Tocila ta mutu, sai a kira ɗa namiji, 'ya mace tana can gindin murhu. Ga kuwa inda wahalar take: bayan aji 3 ne ake raba yara, wasu su shiga ajin kimiyya, wasu wani fanni. Yarinyar da ta tashi tana jin ana cewa lissafi na maza ne, me kuke tsammani za ta zaɓa? In ta bar kimiyya tana 'yar shekara 14, ƙofar aikin injiniya da na likita ta rufu ke nan, da wuya ta sāke buɗuwa.

Gindin murhun nan kuwa ɗakin gwaji ne. Ku zuba mata ruwan zoborodo a kofi biyu. Ta matsa lemon tsami a ɗaya, zai ƙara ja. Ta jefa 'yar kanwa a ɗayan, zai juye ya yi duhu, kore-kore. Launin zoborodo yakan sāke bisa ga tsami ko kishiyarsa, wato abin da littafinta yake kira asid da alkali. Kowace uwa ta san kanwa tana kashe tsami, sunan ne kawai ba a gaya mata ba.

Ku kuma ba ta labarin Deborah Ajakaiye, wadda aka haifa a Jos a 1940. Ta sami digirin dakta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1970, a fannin binciken abin da ke ƙarƙashin ƙasa, irin su ruwa da ma'adinai. A 1980 ta zama farfesa a kimiyyar fiziks. Ita ma da allo da alli ta fara.

Saboda haka in tocila ta sāke mutuwa, Baba, miƙa wa 'yarka. Bari ta gano da kanta cewa batir biyu masu bolt 1.5 sun zama bolt 3, in kuwa aka juya ɗaya, ba haske. Amma ku hana ta taɓa wutar lantarkin gida. Za a yi 'yar hasara kam. Tawa ta kwance rediyona tun watan jiya, har yanzu tana neman inda sukurori biyu za su koma.