Daga iyakar Illela zuwa jiragen attajirai: Doka ɗaya ce ko biyu?

Duk wanda ya taɓa tsayuwa a bakin iyakar Illela, inda hanya ke ratsawa zuwa Birnin Ƙonni, ya san darajar takarda. Direban tirela kan kwana a nan saboda hatimi guda, kuma tun daga Janairun 2017 da gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, dillalan yankin suka shiga halin ni-'yasu. Abin tambaya shi ne, shin haka ake tsananta wa masu jiragen sama na ƙashin kansu?

A ƙa'ida, jirgi ma kaya ne da ake shigowa da shi. Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta tanadi cewa ba a yi wa jirgi rajista a ƙasashe biyu lokaci guda, kuma wajibi ne mai ƙetara iyaka ya riƙe takardar rajista da shaidar ƙoshin lafiyarsa da lasisin matuƙa. Wanda ya yi rajista da hukumar NCAA yakan ɗauki alamar 5N, kamar yadda na Nijar ke ɗaukar 5U. Sai dai attajiranmu da dama sun gwammace alamar Amurka ko ta San Marino, su shigo da jirgin da izinin wucin gadi na Kwastan, wanda ke aiki shekara ɗaya, a sabunta shi wata shida-shida sau biyu. Bayan haka, ko dai jirgi ya fice, ko a biya harajinsa. A nan gizo ke saƙar, domin wa'adi kan cika jirgi na nan yana shawagi.

Hukumar Kwastan ta kira masu jiragen domin tantance takardu a 2021, ta sake kira a Yunin 2024, kuma kowane karo sai da aka ƙara wa'adi. A 2024 ɗin ne NCAA ta dakatar da izinin wasu da aka samu suna haya da jiragen da suka ce na amfanin kansu ne.

Alal haƙiƙa, masu jiragen na da tasu hujjar: bankunan da ke ba da rance da kamfanonin inshora na ƙetare sun fi natsuwa da rajistar waje, kuma jirgin ya fi daraja ranar sayarwa. To amma wannan dalili ne na gyara tsarin rajistarmu, ba na yafe haraji ba. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Don haka ya kamata Kwastan da NCAA su haɗa kundi guda, a bayyana wa jama'a kowane jirgi da ranar ƙarewar izininsa. Muddin ɗan kasuwar Illela zai rasa motarsa kan takarda ɗaya, alhali mai jirgi na samun ƙarin wa'adi, to da wuya a shawo kan talaka cewa fasa-ƙwauri laifi ne. Allah Ya sa mu gyara.