Zanen Da Ke Jikin Tulun Gwari

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan Gwari da ke kewayen kogin Tagwai, kusa da Minna, zai ga matan da ke ɗaukar kaya a kafaɗa maimakon a ka. A al'adarsu kai shi ne sarkin jiki, don haka ba a ɗora masa nauyi. Mutanen da suka ba ɗaukar tulu ma'ana irin wannan, ba su bar jikin tulun haka nan babu magana ba.

Shaidar wannan ita ce marigayiya Ladi Kwali, 'yar Gwari, wadda ta koyi ginin tukwane da hannu tun tana yarinya a garin Kwali. A jikin tulunanta takan zana kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da kifi, wato halittun daji da rafi waɗanda yara kan ji labarinsu a tatsuniyar dare. Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau ya tara ayyukanta a gidansa, a nan ne kuwa Baturen nan Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da ya kafa a Abuja, Suleja ta yanzu, ita ce mace ta farko.

To, ga abin lura. Ta koyi sababbin dabarun gini da na gashi, amma ba ta yar da zanen iyayenta ba. Shi ne ya kai ayyukanta Landan, ya sa Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a Minna a 1984, hotonta kuma yana bayan takardar naira 20.

Yau jarkar roba ta kori tulu daga gidaje da yawa, tsofaffin da suka san sunan kowane zane kuwa suna ta ƙarewa. Haka nan keken surfani yakan kwaikwayi aska takwas ta rigar Nupe, ba tare da mai ɗinkin ya tambayi asalinta ba. Ya kamata matasa masu ɗinki da rini da zane su je su durƙusa gaban tsofaffin nan tun suna da rai, hukumomin al'adu na Jihar Neja kuma su rubuta abin da aka ji daga bakinsu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.