Ba yawan wuta ke yaga sifikun bes ɗinmu ba

1/ Ranar Asabar Yayana ya kai kayan sauti biki a Ajingi. Kafin la'asar babbar sifikar bes, mai inci 18, ta fara kakari, takardarta ta yage. Karo na uku kenan a bana. Kuma aljihun da ke biya min kuɗin makaranta a Wudil shi ke biyan gyaran, don haka dole in yi magana.

2/ Mai gyara kullum amsarsa ɗaya: wuta ce ta yi yawa. Ya canza takarda, ya naɗe koyil, ka biya, bayan wata biyu ka dawo. Ni fa ban yarda ba.

3/ Akwatunan bes da kafintoci ke haɗa mana a Gaya yawanci masu rami ne a gaba. Kowane rami yana da sautin da ya dace da shi, galibi tsakanin 35 da 40 Hz. A daidai nan iskar cikin akwatin ce ke riƙe takardar, da ƙyar take motsi, amma bes na fita sosai.

4/ Da sauti ya sauka ƙasa da haka, iskar ta sake ta. Takardar ta dinga lilo gaba da baya ba mai tare ta, har koyil ya bugi gindin maganaɗisu. Sautin kirki kuwa ba ya fita, ƙasa da 20 Hz ma kunne ba ya ji. Wannan lilon shi DJ ke nuna wa jama'a yana cewa "ku ga ƙarfi." Wallahi wahala kawai sifika ke sha.

5/ Maganin shi ne filtar da ke yanke sautin can ƙasa kafin ya isa sifika. Wasu amfilifaya, irin QSC RMX, suna da maɓallinta a baya, 30 ko 50 Hz. Ku je ku duba naku yanzu, na tabbata da yawa a kashe take.

6/ Namu ba shi da maɓalli, sai na buɗe shi. A mashigar sauti akwai kafasita 220nF da rezisto 47k, lissafi ya ba ni kusan 15 Hz. Na cire na sa 100nF, yankan ya hau wajen 34 Hz. (Kafin ka taɓa komai, cire wuta ka sauke cajin manyan kafasitocin. Suna riƙe wuta ko an kashe janareto.)

7/ Gaskiya kafasita ɗaya yankanta a hankali ne, 6 dB duk lokacin da sauti ya sauka da rabi, kuma tana ɗan cin bes ɗin da ake so. Mai 12 ko 24 dB ta fi. Ba kuma za ta hana koyil ƙonewa ba in kana murɗa amfilifaya har jar fitila na ƙiftawa. Wannan laifin hannunka ne.

8/ Da muka gwada, Yaya ya ɗora hannu a kan akwatin ya ce, "Kai yaro, ka rage min bes." Na ce, "Yaya, je bakin titi ka saurara." Ya je, ya dawo bai ce uffan ba. Jiya ya kawo min amfilifaya na biyu da sukundireba.