Ilimin Da Ya Tsallake Teku, Ya Kasa Tsallake Jibiya

'Yan uwa Hausawa mazauna Abuja da kewaye, na Zuba da Dei-Dei da Karmo, na Gwagwalada da Kubwa, har zuwa na Nyanya da Mararraba. Yau ina so ne in taɓo wata magana da aka daɗe ana yi mana burga da ita, wato wannan haɗin kai da gwamnatoci ke cewa suna yi a tsakaninsu domin a mayar da ayyukan hukuma cikin kwamfuta, kowace ƙasa ta koyi da abin da 'yar uwarta ta ƙware a kai. Duk wanda ke garin nan ya san da wuya wata ya wuce ba a yi wani taro irin wannan ba a manyan otal-otal na Maitama da Asokoro. Baƙi su zo daga Turai da Asiya, a sa hannu a takarda, a ɗauki hoto, a sha shayi, a watse.

Ni ba na gaba da koyo. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, kuma ba abin kunya ba ne Nijeriya ta tura ma'aikatanta su ga yadda Indiya ta yi wa mutum sama da biliyan ɗaya rajista a tsarinta na Aadhaar, ko ta karɓi taimakon Koriya ta Kudu wajen tsara yadda ma'aikatu za su riƙa aiki da kwamfuta. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne, duk wannan ilimi da ke hawa jirgin sama ya tsallake teku ya sauka a Abuja, har yau ya kasa hawa mota ya tsallake Jibiya ya shiga Ɗan Isa. Alhali mu, rayuwarmu a kan wannan hanyar take.

Bari in kawo hujja, kada a ce son rai ne. A watan Fabrairun 2020 Bankin Duniya ya amince da shirin bai wa 'yan Nijeriya lambar shaida, mai cin dala miliyan 430, wanda ya haɗa kuɗinsa tare da hukumar raya ƙasashe ta Faransa da bankin zuba jari na Turai. Bayan wata biyu kacal, a Afrilun 2020, wannan banki dai ya amince da dala miliyan 273 domin irin wannan aiki a Nijar da Binin da Burkina Faso da Togo, a ƙarƙashin wani shiri da ake kira WURI, wanda a cikin sunansa ma akwai maganar haɗe yankin Afirka ta Yamma. To jama'a, mai ba da bashi ɗaya ne, shekara ɗaya ce, manufa ɗaya ce, ƙasashen kuwa katanga ɗaya ta raba su. Amma ɗan Maraɗi da ke sayar da albasa a Zuba, in ya miƙa katinsa na gida a banki ko wurin sayen layin waya, ba wata na'ura da za ta tambayi Yamai ta ce mata e, mun san shi. Haka Bakatsinen da ke awon hatsi a kasuwar Maraɗi, lambarsa mai alƙaluma 11 da ya sha rana kafin ya samu, da ita da babu duk ɗaya ne da zarar ya wuce shingen.

Wani zai ce ai abin da wuya, ƙasa da ƙasa ba sa buɗe wa juna rumbun bayanai. Ba haka ba ne. Akwai wata 'yar ƙaramar ƙasa a arewacin Turai, Istoniya, mutanenta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Ita ce duk masu irin wannan taro suke ambato kamar wuridi. Abin da ba su cika faɗa mana ba shi ne, Istoniya ba ta tsaya ga yawon ba da lacca a duniya ba, maƙwabciyarta Finlan ta fara kamawa. A 2017 suka kafa cibiya guda ta haɗin gwiwa mai kula da hanyar da ma'aikatunsu ke musayar bayanai, wadda suke kira X-Road. Zuwa Janairun 2019, mutumin Finlan da likita ya rubuta wa magani a gida yana iya shiga kantin magani a Istoniya a duba kwamfuta a ba shi. Tsakanin manyan biranensu biyu ruwa ne na wajen kilomita 80, kuma harsunansu dangi ne kawai, ba ɗaya ba ne. Mu kuwa tsakanin Katsina da Maraɗi ba ruwa ba dutse, harshe ɗaya, har gobe sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa. Wato an je makaranta an haddace sunan malami, an bar karatun a can.

Kuma in da gaske ilimi ake son musaya, akwai wanda ba sai an sayi tikitin jirgi ba. Kowa a cikinmu ya san masifar suna. Mutum ɗaya ne, uwarsa ta raɗa masa Muhammadu, magatakardan da ya yi makarantar Faransanci ya rubuta Mahamadou, na wannan ɓangaren ya rubuta Mohammed, yaron da ke buga kwamfuta a shagon rajista ya ga layi ya yi tsawo ya taƙaita shi Moh'd. Yusufu ya koma Issoufou, Usman ya koma Ousmane, Abubakar ya koma Boubacar, Shu'aibu ya koma Chaibou. Dattijon da aka haifa a ƙauye, takardarsa ta Nijar cewa ta yi an haife shi wajejen shekara kaza, domin gaskiyar ke nan, ba wanda ya riƙe rana. Kwamfuta kuwa ba ta san wajejen ba, sai ta ba shi 1 ga Janairu. In ya je wani wurin ya ce ai da damina aka haife shi, wani ya ga dama ya rubuta masa Agusta. Shi ke nan, ya zama mutum biyu. Banki ya ce sunan da ke kan lambar BVN bai dace da na NIN ba, a rufe masa asusu da kuɗin mutane a ciki, ya bar rumfa ya yi ta safa da marwa tsakanin kotu domin takardar rantsuwa da ofishin rajista domin gyara, gyaran kuma ba kyauta ba ne.

Shin wannan yana bukatar gwani daga Bangalo? Abin da yake bukata shi ne a zaunar da ma'aikatan rajista na Katsina da na Maraɗi, da na Sakkwato da na Ƙonni, da malaman Hausa na jami'o'in Kano da Yamai, su fito da kundi guda da zai gaya wa na'ura cewa Ousmane shi ne Usman. Akwai ma hukumar haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Nijar da aka kafa tun 1971, ofishinta na Yamai. Amma wa zai so taron da za a yi a Jibiya? Babu kuɗin guzuri da dala, babu hoton tsayuwa cikin dusar ƙanƙara.

Abin da ya fi ci mini rai, 'yan uwa, shi ne saurin da hukumomi ke yi in abin na toshewa ne. A Disamban 2020, lokacin da Isa Ali Pantami ke ministan sadarwa, aka ba da umarni kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar NIN, da farko ma wa'adin mako biyu aka bayar, ana tsakiyar annobar korona, jama'a suka yi ta cunkoso a ƙofar ofisoshi. An yi ta ɗaga wa'adin har zuwa Satumban 2024, aka rufe layuka masu ɗimbin yawa. A nan kam kwamfutar hukuma da ta kamfanonin waya sun fahimci juna sarai, ba su nemi tafinta ba. Haka a Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa sai Disamban 2020 aka buɗe. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, cikin kwanaki kaɗan aka sake rufe iyaka, aka yanke wutar lantarkin da ke zuwa can, sai a Maris 2024 aka ɗage. In za a hana, kwana uku ya isa. In za a sauƙaƙa, sai a kafa kwamiti.

Dubi katin shaidar ECOWAS mai ɗauke da hoton yatsu. Tun 2014 shugabanni suka amince da shi domin ya zama takardar tafiya a yankin baki ɗaya. Senegal ta fara bayar da shi a 2016. Nijeriya, wadda hedikwatar ƙungiyar ke cikin babban birninta, ta yi ta jan ƙafa har shekara goma ta shuɗe, har Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025 suka fito da nasu fasfo. Gaskiya ne a ranar ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar takardun mutanen ƙasashen uku, su ci gaba da shiga da fita ba biza, amma ta ɗaura wa maganar wutsiya, ta ce har sai an ji wata sanarwa. Wato mai shayin da ya shekara talatin a Wuse, ya yi aure a nan, 'ya'yansa ba su san hanyar Tasawa ba, zamansa ya dogara ne a kan sanarwar da ba a yi ba tukuna.

Kada wani ya ce ina tsorata mutane. Mu Hausawan da ke zaune a garuruwan da ba a binne cibiyarmu ba mun san abin da takarda ke iya yi. A 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, zangunan Kumasi da Ankara suka ga tashin hankali. A 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin haka a nan. Kafin nan, a 1980, an ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno sukutum, aka kai shi iyaka aka ce ɗan Cadi ne, sai da kotu ta mayar masa da ƙasarsa. In an yi wa mai kujera haka a zamanin fayil da tawada, lokacin da sai an tura mota an ɗauko mutum, me kake tsammani ga mai turin baro a zamanin da danna maɓalli ɗaya ke kashe masa waya da asusu a lokaci guda?

Saboda haka nake cewa, in ma za a haɗa rumbunan ƙasashen biyu, kada a haɗa su domin jami'an tsaro kaɗai. Na san akwai matsalar 'yan bindiga a dazuzzukan kan iyaka, mutanenmu ne ma suka fi kowa ɗanɗana kuɗarta, ba mai hankalin da zai ƙi a bi sawun ɓarayi. Amma rumbun da za a zuba sunanka da hotonka da zanen yatsunka, dole a tambayi wa ke riƙe da makullinsa. Sai a Yunin 2023 Nijeriya ta samu cikakkiyar dokar kare bayanan jama'a, bayan an riga an yi wa mutane miliyoyi rajista, kuma wannan doka tana cikin sharuɗɗan da masu ba da bashin suka gindaya. A 2024 wata ƙungiya mai suna Paradigm Initiative ta bayyana cewa ta sayi bayanan shaidar ministan sadarwa Bosun Tijani a wani shafin intanet a kan naira 100. Hukumar NIMC ta musanta cewa an fasa rumbunta. To ko ta ina ruwan ya zuba, ai ƙasa ta jiƙe. In na minista naira 100 ne, naka da nawa gyara za a bayar da su.

Sai maganar harshe, wadda ba zan tsawaita ba don kowa ya sani. Hausa ce ke haɗa ɗan Damagaram da ɗan Zazzau, amma takardar wancan da Faransanci take, ta wannan da Ingilishi, kuma saƙon da ke zuwa wayar tsohuwa yana gaya mata za a rufe mata layi, ba ta iya karanta shi sai ta nemi yaron maƙwabta. Daga nan ne 'yan damfara ke samun ƙofa.

Yanzu bari in juyo kanmu, domin mu ma da namu sakaci. Muna da sarakunan Hausawa a unguwanni da garuruwan Abuja, muna da shugabannin kasuwar hatsi da ta dabbobi da ta katako, muna da limamai da ƙungiyoyin 'yan Nijar mazauna Nijeriya. In lokacin zaɓe ya zo kowa ya san ƙofar gidajensu. Amma in ana taron da za a yanke yadda za a rubuta sunayenmu a na'ura, ba kujerarmu a ciki, mu ma ba mu nema ba. Hedikwatar NIMC tana nan Wuse, ofishin jakadancin Nijar yana nan Abuja, majalisar tarayya tana nan cike da wakilai daga Katsina da Jigawa da Sakkwato da Kebbi, waɗanda da yawansu suna da dangi a ƙetaren iyaka. Duk waɗannan wurare kuɗin mota ɗaya ne daga Zuba.

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, ga aiki nan da ya fi rakiyar 'yan siyasa. A sa yara masu ilimi su zauna a bakin masallacin Juma'a da littafi, duk wanda aka rufe wa asusu ko layi saboda saɓanin suna ko ranar haihuwa ya zo a rubuta, da irin rubutun da ya jawo saɓanin. In aka tara na wata uku, a ɗauka a kai wa hukumar a rubuce, a kai kwafi ofishin jakadanci, a kai wa kwamitin majalisa, a nemi a amince da kundin sunaye guda, a daina karɓar kuɗin gyara a kan kuskuren da ma'aikaci ne ya yi shi, a kuma riƙa turo saƙonnin hukuma da Hausa. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Gwamnatin da ta yarda ƙarfe ya tsallake iyakar nan, sai a tambaye ta a rubuce dalilin da ya sa fasinjan da zai hau jirgin zai zama Usman a Kano, ya sauka a Maraɗi kwamfuta ta ce ba ta san shi ba.